Yoyon fitsari: yadda doguwar naƙuda ke haddasa shi, da yadda ake gyara shi

Yoyon fitsari, wanda ma'aikatan lafiya a Nijar da Chadi da Kamaru ke kira "fistule obstétricale" da Faransanci, rauni ne da ke samun mace wajen haihuwa. Kafa ce ke buɗewa tsakanin mafitsara da farji, sai fitsari ya riƙa zuba dare da rana, matar ba ta iya riƙe shi. Wani lokaci kafar takan buɗe ta wajen dubura, bayan gida ma ya riƙa fitowa ta gaba. Ba a gadonsa, ba a ɗaukarsa daga jikin wata, kuma babu ruwansa da iskoki ko sammu.

Idan naƙuda ta zo daidai, kan jariri yakan bi ta tsakanin ƙashin ƙugu ya fito cikin sa'o'i. Amma idan kan ya fi hanyar girma, ko jaririn ya kwanta a gicciye, sai ya tsaya, mahaifa kuwa ta ci gaba da turo shi. Naman da ke tsakanin kan jariri da ƙashin uwa ya matsu, jini ya daina kai masa, naƙudar kwana biyu ko uku kuma ta isa ta kashe shi. Bayan haihuwa da ƴan kwanaki mataccen naman ya saɓule ya bar rami. Wannan tazarar ce ke sa wasu iyalai ba sa danganta zubar fitsarin da haihuwar, sai a shiga neman wanda za a ɗora wa laifi. A mafi yawan irin wannan haihuwa jaririn ba ya zuwa da rai. Wasu matan kuma matsin yakan taɓa jijiyar ƙafarsu, su tashi suna jan ƙafa.

Ana yawan alaƙanta matsalar da auren wuri, kuma da gaskiya a ciki: yarinyar da ƙugunta bai gama girma ba, musamman wadda ta taso cikin ƙarancin abinci, ta fi shiga haɗari. A Nijar, alƙaluman UNICEF sun nuna kashi 76 cikin 100 na mata ana aurar da su kafin su kai shekara 18. Sai dai tsayawa a nan kaɗai yakan rufe wa mutane ido. Uwar ƴaƴa shida ma tana iya samun yoyon fitsari a haihuwa ta bakwai, idan jariri ya zo da girma ko a karkace. Abin da ya haɗa su duka shi ne jinkiri: a gida ana jiran izinin maigida ko ana cewa ta yi haƙuri, a hanya babu mota sai amalanke, a asibitin da aka fara isa kuma babu mai yin tiyata. Nijar ta mayar da tiyatar fiddo jariri kyauta tun 2005, amma kyautar ba ta rage nisan ƙauye da gari ba.

A ƙasar Hausa akwai ƙarin dalili guda, wato yankan gishiri da wanzami ko ungozoma ke yi da aska ko reza a gaban mace, da sunan buɗe hanya. Idan yankan ya yi zurfi sai ya huda mafitsara. Akan kuma samu raunin a ɗakin tiyata, idan aka yi kuskure wajen aiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mata miliyan 2 ne ke zaune da wannan rauni a Asiya da Afirka kudu da Sahara, kuma duk shekara ana samun sababbi tsakanin 50,000 zuwa 100,000. Da yawansu ba sa zuwa asibiti. Zarni da kunya kan hana mace shiga suna ko biki, wata a sake ta, wata ta daina shan ruwa don rage zubar, abin da ke ƙara wa fitsarin ƙarfi ya ci fata, ya kuma cutar da ƙoda. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 23 ga watan Mayu a matsayin ranar yaƙi da yoyon fitsari, an fara bikinta a 2013.

Raunin yana gyaruwa. Idan mace ta zo da wuri kuma ramin ƙarami ne, saka robar fitsari na wasu makonni kaɗai kan sa ya haɗe da kansa, dabarar da Dokta Kees Waaldijk, likitan nan ɗan ƙasar Holan da ya daɗe yana aiki a asibitin Babbar Ruga ta Katsina, ya yaɗa. Idan ba haka ba sai tiyata, wadda galibi ta gaba ake yin ta ba tare da an tsaga ciki ba. A hannun ƙwararre, kusan tara cikin goma na raunukan da ba su yi muni ba suna rufewa. Aikin farko shi ya fi samun nasara, domin duk gyaran da ya warware yakan bar tabo mai wahalar ɗinki. Saboda haka ya fi kyau a nufi cibiyar da ta saba da aikin. Akwai cibiya ta ƙasa a Yamai, da ta Danja kusa da Maraɗi da aka buɗe a 2012, da wata a N'Djamena, a Najeriya kuma akwai na Katsina da Kano.

Bayan tiyata robar takan zauna kamar mako biyu, ana son matar ta sha ruwa sosai, ta kuma ƙaurace wa kwanciyar aure na wata uku zuwa shida, gwargwadon abin da likita ya ce. A nan haɗin kan miji yake da nauyi, don gaggawa na iya farke ɗinkin. Mata da yawa sukan sake samun ciki bayan sun warke, amma ana ba su shawara su fara awo da wuri, su koma kusa da asibiti idan wata ya kama, a fiddo jaririn ta tiyata kafin naƙuda ta yi nisa.