Gyaran kura-kurai a harshen Python

Gyaran kura-kurai a harshen Python shi ne aikin bin diddigin abin da ya hana shirin kwamfuta da aka rubuta da Python yin aiki yadda ake so, da gano musabbabinsa, da kuma gyara shi. Aikin ya kasu gida biyu. Akwai kura-kuran da ke cikin rubutun shirin kansa, akwai kuma matsalolin da ke tasowa wajen girka Python da ƙunsoshinsa a kan kwamfuta. Masu koyon Python a Najeriya, kamar ɗaliban da ke zuwa cibiyoyin koyon kwamfuta a Sabon Tasha da Barnawa a kudancin birnin Kaduna, sukan haɗu da nau'i na biyu tun kafin su rubuta layi ɗaya na shiri.

## Asali

Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan, shi ya fara rubuta Python a watan Disamba na shekarar 1989 a cibiyar bincike ta CWI da ke Amsterdam, kuma ya fitar da shi ga jama'a a watan Fabrairun 1991. Python harshe ne da wata manhaja, wadda ake kira tafinta, ke karanta umarninsa tana aiwatarwa kai tsaye. Saboda haka kura-kurai da yawa ba sa bayyana sai shirin ya iso daidai layin da suke.

An fitar da Python 2.0 a shekarar 2000, sannan Python 3.0 a watan Disamba na 2008. Siga ta uku ta sauya wasu ƙa'idoji ta yadda shirin da aka rubuta da ta biyu ba lallai ya yi aiki a cikinta ba. An daina kula da Python 2 daga ranar 1 ga Janairu, 2020, amma har yanzu tsofaffin littattafai da bidiyoyin koyarwa na wancan zamani suna yawo a hannun ɗalibai. Wanda ya kwafi `print "sannu"` daga irin waɗannan littattafai zai ga shirin ya ƙi tashi, domin Python 3 yana buƙatar `print("sannu")`. Haka nan `7 / 2` yana bayar da 3 a tsohuwar sigar, amma 3.5 a sabuwar.

## Karanta saƙon kuskure

Idan shiri ya tsaya, Python yana buga rahoto mai farawa da kalmar `Traceback`. Ana karanta wannan rahoto ne daga ƙasa zuwa sama. Layin ƙarshe yana ɗauke da sunan kuskuren da taƙaitaccen bayaninsa, layukan da ke samansa kuma suna nuna fayil da lambar layin da abin ya faru, da hanyar da shirin ya bi har ya iso wurin. Tun daga siga ta 3.10, wadda ta fito a 2021, saƙonnin sun ƙara fayyacewa, har sukan ba da shawarar sunan da ake zaton mai rubutu ya nufa. Siga ta 3.11 ta 2022 ta ƙara alamun `^` da ke nuna daidai gurbin kuskuren a cikin layi.

Kura-kuran da aka fi cin karo da su sun haɗa da:

* `SyntaxError`: an saɓa ƙa'idar rubutu, kamar mance alamar `:` bayan `if` ko rashin rufe baka.
* `IndentationError` da `TabError`: tazarar farkon layi ba ta daidaita ba. Python yana gane rukunin umarni ta wannan tazara, kuma ƙa'idar salon rubutu ta PEP 8 ta 2001 ta zaɓi gurbi huɗu.
* `NameError`: an kira sunan da ba a ayyana ba. `Suna` da `suna` abubuwa biyu ne daban a wurin Python.
* `TypeError`: an haɗa abubuwan da ba jinsinsu ɗaya ba. Duk abin da `input()` ya karɓa rubutu ne, ko da lamba aka shigar, don haka sai an juya shi da `int()` kafin a yi lissafi da shi.
* `IndexError` da `KeyError`: an nemi abin da babu a cikin jeri ko ƙamus. Ƙirga yana farawa daga 0, saboda haka jeri mai abu biyar yana ƙarewa ne a gurbi na 4.

Akwai kuma kuskuren ma'ana, wanda ba ya fitar da saƙo ko kaɗan. Shirin yana tafiya har ƙarshe, amma amsar ba daidai ba ce. Wannan ya fi haɗari, musamman a lissafin kuɗi ko sakamakon jarrabawa. Misali, `0.1 + 0.2` yana bayar da `0.30000000000000004`, saboda kwamfuta tana ajiye gutsuren lamba a tsarin sifiri da ɗaya. Shi ya sa ake amfani da ƙunshin `decimal` wajen lissafin naira da kwabo.

## Matsalolin girkawa

### Kwamfuta ba ta ga Python ba

A kan Windows, matsalar farko da aka saba gani ita ce a girka Python lafiya, amma a rubuta `python` a tagar umarni a ce ba a san shi ba. Dalili shi ne ba a shigar da foldar Python cikin PATH ba, wato jerin wuraren da kwamfuta ke dubawa idan aka kira wata manhaja da sunanta. Shafin farko na manhajar girkawa yana da ɗan akwati na wannan aiki, wanda mutane da dama ke tsallakewa. Ana gyarawa ta sake kunna manhajar girkawar a zaɓi akwatin, ko a yi amfani da umarnin `py`. A Windows 10 da 11 kuma, wani lokaci rubuta `python` yana buɗe Microsoft Store a maimakon Python, sai an kashe wannan laƙabi a cikin saitin kwamfutar.

Tsofaffin kwamfutoci suna da tasu iyaka. Python 3.8 ita ce siga ta ƙarshe da ke aiki a kan Windows 7, daga 3.9 zuwa sama manhajar girkawa ba ta yarda.

### Ƙunsoshi da pip

Ana sauke ƙarin ƙunsoshi daga rumbun PyPI ta hanyar manhajar pip, wadda ke zuwa tare da Python tun siga ta 3.4 a 2014. Saƙon `ModuleNotFoundError` bayan an riga an girka ƙunshi yawanci yana nufin akwai Python fiye da ɗaya a kwamfutar: pip ya zuba ƙunshin a cikin wannan, shirin kuma yana gudana a cikin wancan. Rubuta `python -m pip install` a maimakon `pip install` yana tabbatar da cewa tafinta ɗaya ake magana da shi.

Sunan da ake girka ƙunshi da shi ba koyaushe yake daidai da sunan da ake kiransa da shi a cikin shiri ba. Ana girka `opencv-python` amma a kira `cv2`, ana girka `Pillow` a kira `PIL`, ana girka `scikit-learn` a kira `sklearn`. Kuskuren harafi ɗaya a suna yana iya jawo babbar ɓarna, domin an sha gano mugayen ƙunsoshi a PyPI da aka sanya wa sunaye masu kama da na sanannu don a yaudari masu gaggawa.

Wani tarko shi ne mutum ya sa wa fayil ɗinsa sunan wani ƙunshi, kamar `random.py`. Python zai ɗauki fayil ɗin mai rubutu a madadin na asali, sai a ga `AttributeError` a kan abin da kowa ya san yana nan. Sauya sunan fayil ɗin kawai ya wadatar.

### Keɓaɓɓen muhalli

Ayyuka biyu a kwamfuta ɗaya suna iya buƙatar siga daban-daban ta ƙunshi guda. Maganin wannan shi ne keɓaɓɓen muhalli, wanda ake ƙirƙira da `python -m venv`, kayan aikin da ya shigo tun siga ta 3.3 a 2012. Kowane aiki yana samun foldarsa da ƙunsoshinsa. Daga shekarar 2023, Debian 12 da Ubuntu 23.04 sun fara hana pip zuba ƙunsoshi kai tsaye cikin Python na tsarin kwamfutar, suna fitar da saƙon `externally-managed-environment`. An yi haka ne don kada a lalata manhajojin tsarin da suka dogara da Python. A shekarar ce kuma siga ta 3.12 ta cire tsohon ƙunshin `distutils`, abin da ya sa wasu tsofaffin ƙunsoshi suka daina girkuwa.

## Matsalar haruffan Hausa

Masu sarrafa rubutun Hausa suna da matsala ta musamman. Haruffa masu lanƙwasa, wato ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, da kuma alamar naira ₦, babu su a tsohon tsarin haruffa na cp1252 da Windows ta Turanci ke amfani da shi. Idan aka buɗe fayil da `open()` ba tare da an faɗi tsarin haruffa ba, Python yakan bi na kwamfutar. Ajiye kalmar “ƙasa” a irin wannan fayil yana haifar da `UnicodeEncodeError`. Wajen karantawa kuma, ƙ da aka ajiye a tsarin UTF-8 takan fito a matsayin “Æ™” ba tare da wani gargaɗi ba, babbar Ɓ kuwa tana tsayar da shirin da `UnicodeDecodeError`. Gyaran shi ne a riƙa rubuta `encoding="utf-8"` duk lokacin buɗe fayil. Ga fayil ɗin CSV da za a buɗe a Excel, `utf-8-sig` ya fi dacewa.

Jera sunaye ma yana da tasa matsalar. Umarnin `sorted()` yana bin lambar kowane harafi a tsarin Unicode, kuma lambar ƙ ta fi ta z girma, don haka “ƙasa” tana faɗawa bayan “zuma” a maimakon kusa da “kasa”. Sai mai rubutu ya tsara nasa jerin haruffa. Haka kuma alamar da ke cikin kalmomi kamar 'yan da sana'a tana yanke rubutun da aka kewaye da alamar zance guda ɗaya, ta haifar da `SyntaxError`. Kewaye shi da alamar zance biyu yana kauce wa hakan. Shirin da aka kwafo daga WhatsApp ko Word kuma yakan zo da lanƙwasassun alamun zance waɗanda Python ba ya karɓa.

## Hanyoyin bin diddigi

Hanya mafi sauƙi ita ce dasa `print()` a wurare daban-daban don ganin abin da ke cikin kowane ma'aji yayin da shirin ke tafiya. Python yana kuma da manhajar bin diddigi mai suna pdb, kuma tun siga ta 3.7 a 2018 rubuta `breakpoint()` yana tsayar da shiri a duk inda ake so, a riƙa bin sa layi bayan layi. Ƙwararru sukan rage shirin zuwa mafi ƙanƙantar yankin da har yanzu ke fitar da kuskuren, kuma su sauya abu ɗaya tak kafin kowane gwaji. Rufe kuskure da `except: pass` ba gyara ba ne, yana ɓoye shi ne kawai har ya ɓullo a wani wuri da ya fi wuyar ganowa.

## A Kaduna da sauran Najeriya

Sabon Tasha tana cikin ƙaramar hukumar Chikun, kudu da Kogin Kaduna. Ba nisa da ita, a Barnawa, Sanusi Ismaila ya kafa cibiyar fasaha ta CoLab a shekarar 2016, inda matasa ke haɗuwa don koyon rubuta shirye-shirye. A 2023 Ma'aikatar Sadarwa, Ƙirƙira da Tattalin Arziƙin Dijital ta Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da 'yan Najeriya miliyan uku a fannonin fasaha, ciki har da nazarin bayanai, fannin da Python ke da babban gurbi a cikinsa. An yi taron PyCon Nigeria na farko a Legas a 2017, na nahiyar Afirka kuma a Accra a 2019.

Yanayin da ɗalibai ke koyo a cikinsa yana da tasiri a kan irin matsalolin da suke gani. Idan intanet ta yi rauni, pip yana yanke saukewa bayan jiran daƙiƙa 15, amma ana iya tsawaita lokacin da `--timeout`. Inda data ke da tsada, mutum ɗaya yana iya sauke ƙunsoshi da `pip download`, a raba su a filasha, sauran su girka da `--no-index` da `--find-links` ba tare da sun hau intanet ba, muddin sigar Python da tsarin kwamfutocinsu iri ɗaya ne. A kwamfutocin hannu da ƙaramin batirin agogonsu ya mutu, kwanan wata yakan koma baya, sai pip ya ƙi amincewa da takardar shaidar tsaro ta PyPI. Daidaita agogon yana warware wannan. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar girkawa kuma tana iya barin ƙunshi rabi da rabi, sai an sake girka shi da `--force-reinstall`.

Waɗanda ba su da kwamfuta sukan koya a wayar Android ta manhajoji irin su Pydroid 3 da Termux, ko ta Google Colab, wanda ke gudanar da Python a kan na'urorin Google ta cikin burauza. Colab yana ɗauke wahalar girka Python, sai dai ƙunsoshin da aka ƙara da fayilolin da aka ɗora suna gogewa idan zaman aiki ya ƙare, don haka ake ajiye fayiloli a Google Drive, a kuma bar umarnin girka ƙunsoshi a saman littafin aiki.