Tukunyar Suya da Iska Mai Zafi

Wannan tukunya da wutar lantarki take aiki. Kamfanin Philips ya fito da irinta a 2010. Fanka ce a ciki take kaɗa iska mai zafi, ta gasa abinci.

Idan za ki soya awara, dankali ko zabo, cokali ɗaya na man gyaɗa ya isa. Kada ki cika kwandon, kuma ki riƙa juyawa. Ƙosai kam ba ya yi, domin ƙullun yana zubewa ta ramukan kwando.

Kafin ki saya, duba wutar gidanki a Dakoro: tukunyar tana jan wat 1,000 ko fiye. Ƙaramin faifan hasken rana na cajin waya ba zai ɗauke ta ba. Idan wuta ta ɗauke nama bai nuna ba, ƙarasa shi a murhu, domin ɗanyen naman kaza yana kawo gudawa.