Daga Babban Inji Zuwa Teburin Akawu, Da Komowa

Tun da kamfanoni suka fara danƙa wa kwamfuta lissafinsu ake gardama a kan abu guda, watau inda ya kamata aikin ya zauna: a cibiya ɗaya, ko kuwa a teburin kowane ma'aikaci.

Da fari cibiya ce ke da iko. Cikin 1964 kamfanin jiragen sama na American Airlines da kamfanin IBM suka kammala tsarin SABRE. Masu sayar da tikiti a birane masu yawa na Amurka suna bugawa, amma manyan injuna biyu da ke jihar New York su ke yin lissafin duka.

Al'amarin ya juya cikin 1979, sa'ad da manhajar lissafi ta VisiCalc ta fito, sa'an nan IBM ya fitar da ƙaramar kwamfutarsa cikin 1981. Akawu ya sami injinsa na kansa, ya daina jiran kowa. Cikin 1992 kamfanin SAP na Jamus ya raba aikin da tsarinsa na R/3: bayanai a cibiya, manhajar da ma'aikaci ke dubawa kuwa a injinsa. Wahalarsa ita ce, in kamfani na da tebur dubu, kowane gyara sai ya kai ga injuna dubu.

Burauza, watau manhajar buɗe shafukan intanet, ita ta kawo magani bayan fitowar Mosaic cikin 1993. Kamfanin Salesforce, wanda aka kafa a San Francisco cikin 1999, ya shiga ba da hayar manhajar kasuwanci ta wannan hanya. A gyara sau ɗaya a cibiya, gyaran ya isa ga kowa.

Ta haka aka koma tsarin farko, sai dai yanzu sau da yawa cibiyar ba ta kamfanin ba ce, tana hannun wani, wataƙila ma a wata nahiya. An ga haɗarin wannan cikin Maris 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, aikin bankuna da ofisoshi ya tawaya a Ghana da Nijeriya. Shi ya sa har yanzu akawu da yawa ba su rabu da manhajar da ke aiki a injinsu ko babu intanet ba.