Sangriya

Sangriya abin sha ne na ƙasashen Sifaniya da Fotugal. Ana haɗa ta da jar giyar inabi da yankakkun 'ya'yan itatuwa, don haka tana bugarwa. Ta lokacin kaka an fi sa mata tuffa da lemu da kirfa. In ta taro ce, tun da dare ake haɗa ta a babban jug, ta kwana a firji har tuffar ta rine ta yi jajir. Ƙanƙara kuwa sai an zo rabawa ake zubawa, don kada ta salance.

Ta yi suna a Amurka bayan baje kolin duniya na New York a 1964. Tun 2014 dokar Tarayyar Turai ta keɓe sunan ga wadda aka yi a Sifaniya ko Fotugal.