Taron hologiram a harkar ajiya da jigilar kaya

Taron hologiram wata hanya ce ta ganawa daga nesa, inda ake ganin siffar mutum ko ta kaya da tsawo da faɗi da kauri, kamar suna gaban mai kallo. Sunan ya samo asali ne daga fasahar da Dennis Gabor ya ƙirƙiro a shekarar 1947.

Amfani

A manyan rumbunan ajiya, ma'aikaci kan sanya tabarau na musamman, irin HoloLens da kamfanin Microsoft ya fitar a 2016. Ƙwararren da ke wani gari yana ganin abin da ma'aikacin ke gani, ya nuna masa inda zai gyara inji ko yadda zai jera kaya, ba sai ya yi tafiya ba.

A arewacin Zamfara

Fasahar tana buƙatar intanet mai ƙarfi da tsayayyar wutar lantarki. A yankin Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, 'yan kasuwa da direbobi sun fi dogara da kiran waya da WhatsApp wajen ciniki da bin sawun kaya. Wannan hanyar ma ta tsaya a watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a jihar saboda hare-haren 'yan bindiga.