Gumin Matan Hunkuyi

Kafin injin niƙa ya shigo ƙasar Kudan da Makarfi, babu lomar tuwon da ke shiga bakin magidanci sai ta bi ta damtsen mace. Namiji zai nome dawarsa, ya girbe, ya ɗaure dami, ya zuba a rumbu, daga nan hannunsa ya fita. Abin da ya rage na mata ne, kuma ba na shekara-shekara ba ne, na kullum ne. A ciro dami a sussuke, a sheƙe, a yayyafa ruwa a surfa, a bakace dusa, a wanke a baza ta sha iska, sannan a durƙusa gaban dutsen niƙa. In an tankaɗe, tsakin da ya rage a rariya a sake mai da shi dutse. Ko da gari ya samu da sauran rina a kaba, domin tukunyar tuwon gidan gandu, mai ciyar da mutum ashirin ko fiye, ba a tuƙa ta da yatsu biyu.

A Hunkuyi aka haife ni, kuma na riski ƙarshen wannan zamani da idona. Kakata ta wajen uba, Iya muke ce mata, tafin hannunta ya yi kanta har takan ɗauki garwashi da shi daga wannan murhu zuwa wancan ba ta nemi kasko ba. Ranar da ake da baƙi ko ake shirin suna, mata uku kan tsaya a turmi ɗaya su yi lugude. Taɓarya na sauka wata na tashi, ba ka taɓa jin sun yi karo. In abin ya yi daɗi sai ka ga mace ta cilla tata sama, ta tafa, ta cafe, kuma ba ta ɓata wa 'yan'uwanta kiɗa ba. Gumi na bin gadon baya har ya jiƙa bakin zani, numfashi na fita da ƙarfi tare da kowace saukar taɓarya. Ana idarwa sai a nufi rijiya, a ja guga a cika randuna. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, baligi na buƙatar aƙalla minti 75 a mako na aiki mai sa haki, ko minti 150 na matsakaici. Su Iya kan biya wannan bashi tun kafin mako ya raba.

Sai dai duk wanda zai yi wa wannan zamani kirari, ya fara tambaya waye ke yin aikin kafin su Iya. A ƙarni na 19 ƙasar Zazzau cike take da rinji, ƙauyukan bayi masu noma gandun iyayengijinsu. Baba ta Karo, wadda aka haifa a 1877 kusa da Zarewa, can tsallaken iyakarmu da Kano, ta ba da labarin rinjin danginta lokacin da take zayyana wa wata Baturiya, Mary Smith, rayuwarta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga labarin a littafi a 1954. Mijin Mary ɗin, M. G. Smith, ya yi nazarin tattalin arzikin ƙauyukan Zazzau, ya buga nasa littafin a 1955, kuma ya lura da wani abu da nake ganin shi ne mabuɗin maganar nan. A da, shiga gona da yin itace a daji aikin kuyangi ne. Da Turawa suka zo, dokar Gwamna Lugga ta 1901 ta ce duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar ɗa ne, aka kuma soke bauta gaba ɗaya a 1936, sai matan da suka fito daga ƙangi suka ajiye fartanya. Shiga ɗaki ita ce shaidar cewa yanzu su ma 'ya'ya ne. Ta haka kulle, wanda a da ya fi yawa a gidajen sarauta da na malamai da attajirai, ya bazu har ƙauye.

Ba wannan kaɗai ne dalili ba. Wa'azin malamai ya yi nasa aikin. Wata Baturiya, Polly Hill, da ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta ƙara da dalilai biyu masu ban dariya amma na gaskiya: rijiya da jaki. Inda ruwa ke kusa, kowane gida zai haƙa rijiyarsa, mace ba ta da uzurin zuwa rafi. Inda kuma jaki ke ɗaukar kaya, ba a buƙatar kanta da gammo. Gidanmu akwai rijiya, akwai jakai biyu, kuma ban taɓa ganin mahaifiyata a gona ba. Amma in ka bi ƙauyukan Maguzawa ta wajen Ikara da Makarfi, harshe ɗaya, tuwo ɗaya, za ka tarar da mace ta duƙa a gayaunarta tana huɗa. Matan gari kan dube su da tausayi haɗe da ɗan raini, su ce Allah sarki, wahala ta yi musu yawa. A cikin wannan kallo aka shuka abin da muke girba yau: mace mai daraja ita ce wadda rana ba ta duka, wadda miji ya hutar.

Kulle na wancan lokaci kuwa ba zaman kashe zani ba ne. A shekarun 1960 masu bincike daga cibiyar nazarin aikin gona ta Samaru, ƙarƙashin David Norman, sun ƙidaya sa'o'in aikin gona a Hanwa da Ɗan Mahawayi da Doka ta kan hanyar Kano, suka ga rabon mata a ciki ɗan ƙanƙane ne. Gaskiya ne, amma a gona suka tsaya da agogonsu. Sai da wata mai bincike, Emmy Simmons, ta shiga cikin gidajen waɗannan ƙauyuka a shekarun 1970 ta tarar kusan kowace matar aure da sana'arta, mafi yawa ta sarrafa abinci. Mai ƙuli-ƙuli za ta soya gyaɗa, ta murje, ta niƙa, ta tsaya tana juya tunkuza a turmi har mai ya taso. Mai fura za ta yi ribɗi, ta dafa, ta kirɓa. Wadda ba ta da jari ta yi dakau a biya ta. Katanga ta kewaye su, amma a cikinta gumi ake yi.

'Yan mata kuma nasu ya fi. Da safe talla, da hantsi kai abinci gona, wani lokacin har fadamar rake inda ake dafa mazarƙwaila, da dare kuma dandali. Gaɗa ba wasan ragwaye ba ce. A yi da'ira ana tafi, yarinya ta shiga tsakiya ta taka, ta ruga da baya ta saki jikinta gaba ɗaya, ƙawaye su tare ta su wurga ta sama, ta dira ta koma. Wadda ta yi nauyin jiki dariya za a yi mata har gobe. Mukan koma gida ƙafa buɗu-buɗu da ƙura, makogwaro a bushe, a sha faɗa, washegari a sake komawa. Matan aure su ma in biki ya zo a kifa ƙwarya a ruwa a yi ta kiɗa, a cashe a tsakar gida babu namiji ko ɗaya. Irin wannan kiɗa ne Barmani Choge ta Funtuwa ta ɗaukaka har duniya ta san shi, kuma duk wadda ta taɓa shiga filin amada ta san ba a fita da busasshiyar riga.

Yadda aka rabu da duk wannan bai ɗauki dogon lokaci ba. Injin niƙa ya zo, da farko ɗaya a gari, yara na layi da ƙwarya a ka. Iya ta daɗe tana mita wai garin inji warin baƙin mai yake yi, kuma tuwonsa ba ya kwana, amma ban ga ranar da ta koma dutse ba. Daga ƙarshen shekarun 1970, da takin zamani da sabon iri suka yawaita, masara ta mamaye gonakin da a da dawa ce, ita kuwa masara ba ta da daɗin sha'ani a dutse, sai inji. Injin surfe ya biyo baya, sai na markaɗe, sai na casa a bakin gona. 'Yan garuwa suka karɓi ɗiban ruwa. Acaɓa ta zo, unguwar da a da ake takawa bayan magariba da fitila da ɗan rakiya yanzu sai a hau babur. Makarantar boko, musamman daga shirin ilimin firamare kyauta na 1976, da Islamiyyar dare da talabijin, da kuma wa'azin da ya yi ta sukar cuɗanyar samari da 'yan mata, suka haɗu suka kashe dandali. Wayar hannu ta zo ta yi masa sutura.

Ba na cikin masu kukan turmi. Iya ta tsufa a ranƙwafe, ƙugu da ƙirji ba su bar ta ta yi barci ba a shekarunta na ƙarshe. Na ga mace da cikin wata tara tana daka, ana ce mata ta dage, wai haihuwa za ta zo da sauƙi. Duk wanda ya ce a koma can, a miƙa masa taɓarya ya fara. Abin da nake cewa shi ne, inji ya ɗauke aikin, ba a kuwa sa komai a gurbinsa ba, kuma tunanin da aka gada tun zamanin rinji yana nan daram. Har yau in amarya ta yi wata shida ta zo gida ta yi ɓulɓul, sai gwaggonni su yi ta murna: hutu ya karɓe ta, mijin ya iya kiwo. In ta zo a tsaye kamar yadda ta tafi, a ja ta ɗaki a tambaye ta ko lafiya. Shi ya sa ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe suke da kasuwa, alhali tuwo ya koma na farin gari, taliya da lemon kwalba sun shigo.

Sakamakon yana kan bencin asibiti. Ka je Shika, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ranar masu hawan jini ko ciwon sukari, ka dubi layin mata. Da yawansu ba su kai shekarun da Iya take jan guga ba. Lokacin aikin Hajji ma ana gani: sa'ayi tsakanin Safa da Marwa, sawu bakwai, ya ɗan haura kilomita 3, ga ɗawafi, sai ka ga hajiyar da ba ta wuce hamsin ba tana neman keken turawa saboda gwiwa.

Likita zai rubuta magani ya ƙara da cewa a riƙa motsa jiki. Faɗa da sauƙi. A ina? Matar aure a Hunkuyi ko Likoro ko Kudan ba ta fita sai da izini da kuma dalili: asibiti, barka, gaisuwar mutuwa, Islamiyya. Tafiya don tafiya kawai ba ta cikin dalilan da aka sani. Ko maigida ya yarda, akwai majalisar ƙofar gida, kuma ita ta fi shi tsanani. Mace ta wuce da sauri sau biyu ba ta riƙe komai a hannu ba, kafin la'asar an ce ko dai aljanu ne ko kuma tana da abin da take nema. Tsakar gidan da a da ake shanya buhu goma an yanka ta an yi wa 'ya'ya ɗakuna, abin da ya rage an shafe da siminti, taku biyar ka ci karo da bango. A makaranta, inda na yi aikin koyarwa, na sha ganin yarinyar da ke tsere wa maza a aji uku, tana fara girma ta daina, saboda ba za ta sa gajeren wando ba kuma ba wanda ya yi tunanin ɗinka mata wani abin da za ta iya gudu da shi. Filin ƙwallo na samari ne tun daga asuba.

Masu jingina abin ga addini su ma ba su gamsar da ni ba. Malamanmu da bakinsu suke karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ta tsere masa, daga baya da jikinta ya yi nauyi suka sake ya tsere mata. Ana karanta hadisin a yi murmushi a wuce, ban ji magidancin da ya ce zai raya wannan sunna ba.

Kada kuma a ɗauka duk matan ƙasar nan hutu ya yi musu yawa. Zawarawa da tsofaffi da matan da talauci ya fitar suna nan a fadama lokacin rani, suna tsinkar barkono da yankan tumatir na shanya a biya su da yamma. Matan Fulani har yau suna tako ƙasa daga ruga da ƙwaryar nono a ka. Waɗannan ba wanda zai ce su ƙara gumi, abinci mai kyau da hutu suke nema. Kuma kasancewarsu a gaban ido shi ke ƙara tabbatar wa matar cikin gida cewa gumi na marasa galihu ne.

Kwanan baya wata ƙanwar mahaifiyata, wadda awo ya nuna sukarinta ya hau, ta kira ni in karanta mata takardar asibiti. Na ce, "Inna, cewa suka yi ki riƙa tafiyar rabin awa kullum, ko ki sami aikin da zai sa ki haki." Na kawo shawarar ta riƙa takawa zuwa Islamiyya maimakon hawa babur, in ya so ranar Juma'a a fito da turmi ita da surukanta su surfa na kunu da hannu. Ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "Ke 'yar nan, shekara talatin ina daka a gidan nan kafin Allah ya kawo mini sauƙi. Yanzu da 'ya'yana suka kawo ƙarfi, so kike a ji ƙarar turmi daga ɗakina, gari ya ce sun kasa biya mini kuɗin inji?" Tafiyar Islamiyyar dai ta yarda da ita, da sharaɗin in sami mata abokan tafiya biyu sa'anninta, kuma ni zan je in yi wa Alhaji mijinta bayani.