Kudan Zuma da Tururuwa a Rayuwar Kaɗanya: Nazari daga Gonakin Kunci

Tsakure

Maƙalar ta duba ƙarancin matasan kaɗanya, Vitellaria paradoxa, a gonakin Kunci ta fuskar ƙwari biyu: kudan zuma mai kai wa fure gari, da tururuwa mai kwashe iri daga ƙasa.

Gabatarwa

Kunci yanki ne mai cunkoson gonaki irin wanda Mortimore da Wilson suka bayyana a 1965, inda ake noma fili shekara da shekaru ba hutu, bishiyar da ta tsira kuwa manomi ne ya ga dama ya bar ta. Tun 1998 hukumar IUCN ta sa kaɗanya a jerin itatuwan da ke fuskantar barazana. Akan ɗora laifin kan gatari da awaki. Gaskiya ne, amma bai ƙare nan ba.

Fure

Kaɗanya tana fure da rani, kuma ba ta ɗaura 'ya'ya sosai sai kudan zuma da galla sun ziyarce ta. Binciken Delaney da abokan aikinta a kudancin Burkina Faso, wanda aka buga a 2020, ya nuna furen da aka shafa wa gari da hannu ya fi ɗaura 'ya'ya, wato masu ziyarar ba su wadata ba. Ya kuma nuna zuma ta fi zuwa inda itatuwa da ƙananan tsirrai suke iri-iri. Wannan ne ya fi damuna game da Kunci, domin mai fesa wa wake magani da mai cin amya da wuta duk abu ɗaya suke ragewa, wato masu ziyarar furen, ba da niyya ba.

Iri

Tururuwa, Messor galla, ba ta iya jan ƙwarar kaɗe. Ta yi mata girma. Ƙwarar tana da nata masu ɗauka, mata masu man kaɗe da gafiya, kuma idan ta bushe na 'yan makonni ba ta tsira. Abincin tururuwa ƙananan iri ne. Duk wanda ya bi layinta zuwa bakin rami bayan girbi ya ga tulin ƙaiƙayi ya san yawan abin da take tarawa.

Hasashen maƙalar shi ne tasirinta kan kaɗanya ta bayan gida yake zuwa. A gonar da babu saura, 'yan tsirran kan iyaka ne ke ciyar da zuma a watannin da kaɗanya ba ta fure, kuma irinsu tururuwa ke kwasa. Bishiyar da sai ta shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara haihuwa ba ta nuna irin wannan asara da wuri.

Hanyar gwaji

A rufe wasu furanni da yadin gidan sauro, a bar wasu a buɗe, a shafa wa wasu gari. A ajiye ƙirgaggen iri a faifai kusa da ramin tururuwa da nesa da shi, a gonakin tudu da na gefen madatsar Gari, a riƙa ƙirga abin da ya rage kowace safiya.